Koci da 'Yan Wasansa: Salon Horarwa da Shugabanci a Ƙwallon Kwando na Jami'o'i

1.0 Gabatarwa

Malamin da aka tura makarantar sakandare a Gwarzo ko Kabo, ko wata makaranta irinsu a yammacin Jihar Kano, yakan tarar an ɗora masa wani aiki a kan koyarwa, watau kula da wasanni. Sau da yawa ba a tambayarsa ko ya taɓa koyon aikin. Usur da ƙwallo kawai za a miƙa masa, a nuna masa yara. Ran da aka fita gasa kuwa, sai ya sami kansa a bakin fili, ana cin yaransa, saura minti biyar a tashi, kowa ya zuba masa ido a ga abin da zai yi. Tambayar da ke gabansa a wannan lokaci ita ce wannan lacca za ta duba: me shugaba yake iya yi bayan an riga an fara aiki, me kuma ya kamata a ce ya gama tun kafin a fara?

Za a nemi amsar ne a ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, saboda dalilai biyu. Na farko, a can aka ƙago wasan, kuma tarihin masu horarwarsa a rubuce yake dalla-dalla. Na biyu, labarin ya ratso ta ƙasar Hausa, ta Sakkwato da Zariya, kamar yadda za a gani nan gaba. Kalmar koci aro ce daga Ingilishi, amma tun da ta zauna a bakin 'yan wasa, da ita za a kira mai horarwa.

2.0 Asalin Aikin Koci

James Naismith, mutumin Kanada, shi ya ƙago ƙwallon kwando a watan Disamba na 1891, a wata makarantar horar da malamai da ke garin Springfield. Dokoki 13 ya rubuta, ya rataya kwandunan 'ya'yan itace biyu, ɗalibai suka shiga jifa. Abin mamaki, shi kansa bai ɗauki wasan a kan abin da ke bukatar mai horarwa ba. A ganinsa wasa ne da ake yi kawai. Da ya koma Jami'ar Kansas a 1898 ya riƙe ƙungiyarta, wasannin da aka ci shi sun fi waɗanda ya ci.

Ɗalibinsa, Phog Allen, shi ya saɓa masa, ya mai da horarwa sana'a. A hannun Allen kuma Dean Smith ya yi wasa, wanda za a yi maganarsa a gaba. Ilmin yana da silsila ke nan, daga malami zuwa almajiri, kamar kowane ilmi.

Akwai wata doka ta dā da ta cancanci a lura da ita. Har zuwa ƙarshen shekarun 1940, idan aka tsai da wasa don ɗan hutu, ba a yarda koci ya yi magana da 'yan wasansa ba. Su kaɗai za su taru a tsakiyar fili, kyaftin ya ja shawara. Sai a kakar wasa ta 1948 zuwa 1949 aka ba koci izinin sa baki. Watau fiye da shekara hamsin ana wasan a kan fahimtar cewa da zarar an busa usur, ragama ta koma hannun waɗanda ke cikin fili.

3.0 Abin da ke Hannun Koci Bayan an Busa Usur

Kowane ɓangare mutum biyar ne a fili. Wasan maza na jami'o'in Amurka minti 40 ne, an raba shi biyu, minti 20 kowane rabi. A cikin wannan lokaci abubuwa huɗu ne kurum ke hannun koci.

Na ɗaya, canjin ɗan wasa. Ba a ƙayyade yawansa ba, kuma wanda aka fitar yana iya komawa. Sai dai duk wanda ya yi laifi biyar ya fita ke nan har a tashi, don haka dole koci ya riƙa lissafin laifin kowa.

Na biyu, hutun shawara, watau ɗan lokacin da ake tsai da wasa a tattauna. Wannan ƙididdigagge ne, wanda ya ɓarnatar da nasa da wuri zai nema ya rasa a ƙarshe.

Na uku, sauya tsaro. Ko dai kowane ɗan wasa ya riƙe mutum ɗaya ya bi shi duk inda ya sa ƙafa, ko kuwa kowa ya tsare yankin da aka yanka masa.

Na huɗu, saurin wasa: a yi ta gudu ana jifa, ko a riƙe ƙwallo a ci lokaci.

Bayan waɗannan, duk sauran hukunci na 'yan wasa ne. Wa za a miƙa wa ƙwallo, yaushe za a jefa, ta ina za a ɓullo, duka ana yanke su ne cikin ƙiftawar ido, sau ɗaruruwa a wasa guda, ga ihun 'yan kallo ya hana a ji muryar kowa daga benci. Saboda haka bambancin koci da koci ya fi fitowa a yadda kowannensu ya shirya yaransa su yanke hukunci ba tare da shi ba.

4.0 Salo Uku

4.1 Salon malami: John Wooden

Wooden ya riƙe ƙungiyar Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas daga 1948 zuwa 1975. Ya ci kofin ƙasa sau 10 cikin shekara 12, bakwai daga ciki a jere, daga 1967 zuwa 1973. Asalinsa malamin Ingilishi ne a sakandare, kuma har ya yi ritaya a matsayin malami ya ɗauki kansa. Yakan tsara horon kowace rana a rubuce, minti bayan minti. Darasinsa na farko ga sababbin ɗalibai shi ne yadda ake sa safa da ɗaure igiyar takalmi, domin kada ƙafa ta yi bororo.

A kakarsa ta ƙarshe wasu masana ilmin halayyar ɗan Adam biyu, Roland Tharp da Ronald Gallimore, sun zauna a wurin horonsa suna rubuta duk abin da ya faɗa ko ya yi, har abu 2,326. Suka tarar kimanin rabi bayani ne tsantsa na abin da za a yi da yadda za a yi shi. Yabo bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, faɗa ma haka. Ran wasa kuwa yawanci a zaune yake, ba ya son neman hutun shawara, don a ganinsa ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan salo yana da ranar da ya ci shi. A ran 19 ga Janairu 1974 ƙungiyarsa ta je Jami'ar Notre Dame, tana da nasara 88 a jere. Saura minti uku da 'yan kai tana gaba da maki 70 da 59. Masu gida suka shiga cin maki, ratar tana narkewa, Wooden bai tsai da wasa ba. Aka jera masa maki 12, aka tashi 71 da 70. Amincewa da ɗalibai ita ta kawo nasara 88 ɗin, ita ce kuma ta hana shi miƙewa a daren da ake bukatar ya miƙe.

4.2 Salon kwamanda: Bob Knight

Knight ya fara ne a makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point, sa'an nan ya riƙe Jami'ar Indiyana daga 1971 zuwa 2000. Laƙabinsa Janar. Ya ci kofin ƙasa a 1976 da 1981 da 1987, kuma ƙungiyarsa ta 1976 ta yi wasa 32 ba a ci ta ko sau ɗaya ba. An san shi da tsare ɗalibansa a kan karatu da bin dokokin ɗaukar 'yan wasa. An kuma san shi da zafin rai. A 1985 ya ɗauki kujera ya wurga cikin fili saboda fushi da alƙalan wasa, a shekarar 2000 kuwa jami'ar ta sallame shi kan yadda yake mu'amala da ɗalibai.

Mai kallo daga nesa zai zaci yaran irin wannan koci ba su da ta cewa a fili. Ba haka abin yake ba. Tsarin harin Knight bai dogara da haddace matakai ba. Ɗan wasa ne zai dubi yadda mai tsaronsa ya tsaya, ya zaɓi inda zai bi. Tsananin da ake gani na tilasta musu su koyi karanta fili ne. Inda salon ya gaza shi ne, tsoro yana sa a yi aiki, amma yakan hana ƙarami faɗa wa babba gaskiya, kuma ranar da hukuma ta gaji da halin shugaba, kofunan da ya tara ba su cece shi ba.

4.3 Salon rabon ragama: Dean Smith

Smith ya riƙe Jami'ar Karolina ta Arewa daga 1961 zuwa 1997, ya ci wasa 879, da kofin ƙasa a 1982 da 1993. Shi ya fi kowa mai da shugabancin 'yan wasa ƙa'ida. Wanda ya gaji yana iya ɗaga dunƙulallen hannu a fitar da shi, in ya huta ya koma. Wanda ya ci maki dole ya nuna wanda ya miƙo masa ƙwallo da yatsa, don jama'a su san aikin na mutum biyu ne. Kafin a yi jifan tara, yaransa biyar sukan haɗa kai a fili su shirya abin da za su yi, ba tare da sun kashe hutun shawara ba. Shi kuma yakan adana nasa hutun sai ƙarshen wasa.

Amfanin wannan adana ya bayyana a wasan ƙarshe na 1982 da Jami'ar Georgetown. Ana binsa da maki 62 da 61, saura daƙiƙa 32, ya tsai da wasa. Ya san abokan hamayya za su rufe babban ɗan wasansa, James Worthy, don haka ya shirya cewa in an rufe shi a juya ƙwallo ɗaya gefen, inda wani ɗan aji ɗaya mai suna Michael Jordan zai kasance. Haka aka yi, yaron ya jefa ta shiga, aka tashi 63 da 62.

A ɗaya bencin ma an ga wani darasi a daren. Bayan jifan Jordan, ɗan wasan Georgetown, Fred Brown, ya ruɗe ya miƙa wa Worthy ƙwallo da hannunsa, kofi ya tafi. Da aka tashi, kocinsa John Thompson ya rungume shi a gaban duniya. Bayan shekara biyu, a 1984, Georgetown ta ci kofin, Brown yana cikin ƙungiyar, Thompson ya zama Baƙar fata na farko da ya ci wannan kofi a matsayin koci.

5.0 Daren 4 ga Afrilu 1983

Wasan da ya fi nuna nauyin hukuncin koci a tsakiyar wasa yana da ɗan Nijeriya a cikinsa. An haifi Hakeem Olajuwon a Legas a 1963. Ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu ya fara yi, kuma gasarsa ta farko a ƙwallon kwando a Sakkwato ya yi ta, wajen ƙarshen shekarun 1970. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston, wurin koci Guy Lewis.

Ƙungiyar Houston ta 1983 da gudu aka san ta. Ta zo wasan ƙarshe a garin Albuquerque da nasara 26 a jere, ta haɗu da Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa, wadda Jim Valvano ke riƙe da ita, wadda kuma ba wanda ya ba ta kofi. A rabin farko aka ci Houston 33 da 25. Tun a nan hukuncin Lewis ya fara jawo magana, don ya bar Clyde Drexler a fili har ya tara laifi huɗu kafin hutun rabin lokaci. Da aka dawo, Houston ta ci maki 17, abokan hamayya suka ci 2, ta wuce gaba da 42 da 35.

A nan ne Lewis ya umurci yaransa su rage gudu, su bazu a fili su ci lokaci. Yana da hujjarsa. Garin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,600, numfashi yana wuya, Olajuwon ya gaji har sai da aka ba shi iskar shaƙa a benci. A lokacin kuma babu agogon jifa a gasar, ƙungiya tana iya riƙe ƙwallo iya son ranta. Sai dai umurnin ya raba yaran da abin da suka fi iyawa, ya kai su ga abin da suka fi rauni a kai. Valvano ya san 'yan Houston ba su ƙware a jifan tara ba, sai ya sa yaransa su riƙa yin laifi da gangan, a ba Houston jifa, in ta zubar su karɓe ƙwallo. Cikin jifa 19 da Houston ta samu a daren, 10 kawai suka shiga. Aka yi kunnen doki, 52 da 52. A daƙiƙun ƙarshe Dereck Whittenburg ya yi jifa daga nesa, ƙwallo bai kai kwando ba, Lorenzo Charles ya cafe shi a sama ya zura. Aka tashi 54 da 52. Olajuwon ya ci maki 20 a wasan, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar duk da an ci ƙungiyarsa.

Abin lura a nan shi ne, dukan kocin biyu sun sa baki a wasan. Valvano ya gina hukuncinsa a kan sanin raunin abokin karawa, ya kuma umurci yaransa da dabarar da suka riga suka yi amfani da ita a wasannin baya na gasar. Lewis ya nemi nasa su canza hali a tsakiyar wasa mafi girma a rayuwarsu. Ita kuwa dabarar cin lokaci ba ta daɗe ba bayan haka. A kakar 1985 zuwa 1986 aka kawo agogon jifa na daƙiƙa 45, aka rage shi zuwa 35 a 1993, sa'an nan 30 a 2015.

6.0 Shugaban Cikin Fili

Kowane koci yana bukatar wakili a cikin biyar ɗin. Galibi mai rabon ƙwallo ne, watau wanda ke ɗauko ta daga baya ya tsara hari. Aikinsa ya san saura minti nawa, maki nawa ne tsakani, wa ke da laifi nawa, hutun shawara nawa ya rage, wane ne hannunsa ke ci a daren, wane ne kuma ya karaya yana bukatar a ba shi ƙwallo mai sauƙi ya farfaɗo.

Rashin wannan sani yana da tsada. A wasan ƙarshe na 1993, Jami'ar Mishigan tana bin ƙungiyar Smith da maki 73 da 71, saura daƙiƙa 11, Chris Webber ya sami kansa a kusurwa mutum biyu sun tare shi, sai ya nemi hutun shawara. Ashe nasu ya riga ya ƙare. Doka ta ci su tara, aka tashi 77 da 71. Webber ne ya ɗauki kunyar, amma lissafin hutu abu ne da ya kamata dukan biyar ɗin su riƙe shi kamar sunayensu.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi yana langa a dandali. A can babu mai tsayawa gefe yana ba da umurni. Yara su suke zaɓen ruwa, su shirya wa zai kare shi, wa zai tare hanya, in abu ya rikice su sake shiri suna tsalle a ƙafa ɗaya.

7.0 Darasin Zariya

A ƙasar Hausa sunan da aka fi haɗawa da wannan wasa shi ne Oliver B. Johnson, Ba'amurken da aka fi sani da OBJ, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana horarwa a Jami'ar Ahmadu Bello. Bai tsaya ga ɗaliban jami'a kaɗai ba, har da yaran Samaru da kewaye da ke zuwa fili. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya fara wasan yana ɗan shekara 13. Ujiri bai yi suna a matsayin ɗan wasa ba. A shugabanci ya yi fice: shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin ƙwararru na Amurka a 2019, kuma tun 2003 ya kafa shirin Giants of Africa don horar da matasan Afirka. Ana auna koci da kofuna, amma wannan misali ya nuna akwai wani ma'auni, watau irin mutanen da suka fito daga hannunsa.

Akwai kuma bambancin doka da ya shafi malamin gida. A Nijeriya dokokin hukumar ƙwallon kwando ta duniya ake bi: kashi huɗu na minti 10, agogon jifa na daƙiƙa 24, hutun shawara biyu a rabin farko, uku a na biyu, kowanne minti ɗaya. Ɗan wasa ba shi da ikon neman hutu, sai daga benci. Saboda haka kuskure irin na Webber ba zai faru a nan ba, amma irin na Wooden yana iya faruwa, tun da in koci bai miƙe ba babu mai miƙewa. Minti biyar ke nan na hutun da zai iya nema a cikin wasa duka. Wanda bai koyar da kome ba a ranakun horo ba zai koyar da shi a minti ɗaya ba. Iyakar abin da zai iya shi ne ya tuna musu abu ɗaya ko biyu da suka riga suka sani.

8.0 Kammalawa

An ga cewa salon horarwa ya bambanta ƙwarai. Wooden mai sanyin murya ne, Knight mai tsawa, Smith mai raba ragama, kuma dukansu sun ci kofi. Abin da ya haɗa su shi ne, kowannensu ya yi babban aikinsa a ranakun da babu 'yan kallo, ya kuma bar wa 'yan wasa hukuncin cikin fili. An ga kuma cewa sa baki a tsakiyar wasa yana da ranarsa, kuma ya fi amfani idan ya mai da 'yan wasa ga abin da suka iya.

Malamin wasanni na Gwarzo ko Kabo ba shi da ɗakin wasa mai rufi, watakila ma ƙwallo ɗaya gare shi. Amma abubuwan da suka fi muhimmanci a wannan bayani ba kuɗi suke ci ba. Yana iya rubuta tsarin horonsa kafin ya fita. Yana iya zaɓen kyaftin ya koya masa lissafin lokaci da laifi, ya riƙa yin shiru a wasu wasannin gwaji don yara su saba da yanke hukunci. Yana iya adana hutunsa, ya kuma san tun da wuri abin da zai sa ya tsai da wasa. Idan yaro ya yi kuskuren da ya kā da ƙungiya, ya tuna da abin da Thompson ya yi wa Brown. Ma'aikacin da ke riƙe da sashe a ofis, wanda ba zai iya zama a kan teburin kowane akawu ba, zai ga cewa yawancin wannan ya shafe shi, domin shi ma da zarar aiki ya kankama, sai abin da ya riga ya koya wa na ƙasa da shi.